Yadda jijiyar jini ke saki: tambayoyi da amsoshi kan kafofin fotasiyom da shimfiɗar cikin jijiya

Yawancinmu mun taso da tunanin cewa jijiyar jini bututu ce kawai, zuciya ta turo jini ita kuma ta wuce da shi. Wannan tunani bai yi wa jijiya adalci ba, domin a kowace daƙiƙa tana ƙara faɗinta ko ta rage shi gwargwadon buƙatar naman da take ciyarwa, kuma a cikin wannan aiki ne hawan jini da saukarsa suke da tushe. An tsara amsoshin nan ne domin ɗaliban likitanci da aikin jinya da haɗa magunguna, da kuma duk mai son sanin abin da maganin hawan jini yake yi bayan an haɗiye shi.

Me ake nufi idan aka ce jijiya ta saki?

Bangon jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya hawa uku ne. Na waje zare-zare ne da ke riƙe ta a mazauninta, na tsakiya tsoka ce da ta naɗe jijiyar kamar zobe a yatsa, na ciki kuwa wata siririyar shimfiɗa ce mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak, wadda ita ce jini yake gogawa kai tsaye. Wannan shimfiɗa ita likitoci ke kira endotiliyom. Tsokar tsakiyar ba ta bin umarnin mutum kamar ta hannu ko ta ƙafa, kuma ko da mutum yana barci tana nan a ɗan tsuke, ba ta saki gaba ɗaya ba, ba ta kuma matse gaba ɗaya ba. Sakin jijiya shi ne wannan tsoka ta sassauta riƙonta, ramin da jini ke bi ya ƙara faɗi.

Ɗan ƙaramin sauyi a faɗin yana haifar da babban sauyi a gudun jini. Tun a shekarun 1840 likitan Faransa Jean Poiseuille ya nuna cewa idan faɗin siririn bututu ya ninka sau biyu, ruwan da zai bi ta ciki zai ninka sau 16, kuma ƙarin kashi 19 cikin ɗari kacal ya isa ya ninka gudun sau biyu. Shi ya sa ba manyan jijiyoyi ne ke yanke hukuncin awon jinin mutum ba, ƙananan ne, waɗanda wasunsu kaurin silin gashi ne wasu ma ba su kai ba.

Ina ruwan fotasiyom da wannan tsoka?

Kowace ƙwayar tsoka ƙaramin batir ce. A cikinta akwai fotasiyom mai yawa, wato wani sinadari mai ɗauke da cajin lantarki, kimanin milimol (ma'aunin yawan sinadari) 140 a lita ɗaya, alhali a ruwan da ke kewaye da ita bai wuce 3.5 zuwa 5 ba. Wani famfo ne a jikin tantanin ƙwayar yake tabbatar da wannan bambanci, yana fitar da sodiyom uku yana shigo da fotasiyom biyu a kowane juyi, kuma ɗan ƙasar Denmak Jens Skou ne ya gano shi a 1957. Tunda fotasiyom ya yi cunkoso a ciki, da zarar ya sami kafa sai ya kwarara waje, kuma da yake yana ɗauke da caji mai alamar tarawa, fitarsa tana barin cikin ƙwayar da caji mai alamar ɗebewa. A tsokar jijiya wannan caji yakan zauna tsakanin milibolt (ma'aunin ƙarfin lantarki) 40 da 60 ƙasa da sifili, kuma idan kafofin fotasiyom suka ƙara buɗewa sai ya ƙara zurfi, ya nufi wajen 85.

Muhimmancin wannan yana ga kalsiyom, domin shi ne ke sa tsoka ta tsuke. Ƙofofin da kalsiyom ke shiga ta cikinsu suna sauraren cajin ƙwayar ne: idan cajin ya yi zurfi sai su rufe, idan ya taso wajen sifili sai su buɗe. Saboda haka jerin abin da ke faruwa a bayyane yake, wato kafar fotasiyom ta buɗe, fotasiyom ya fita, caji ya zurfafa, ƙofar kalsiyom ta rufe, kalsiyom na ciki ya ragu, tsoka ta sassauta. Sauyin milibolt kaɗan ya isa a ga bambanci a faɗin jijiya. Amlodifin da nifedifin, waɗanda masu hawan jini da yawa suka san su, wannan ƙofa ta kalsiyom suke toshewa kai tsaye, wato suna yin da ƙarfin magani abin da fotasiyom ke yi ta hanyar lantarki.

Yaya kafa take bambance fotasiyom da sodiyom, alhali sodiyom ya fi ƙanƙanta?

Wannan tambaya ta daɗe tana ɗaure wa masana kai har sai da Roderick MacKinnon na Jami'ar Rockefeller ya fito da surar kafar a 1998, aikin da ya ba shi kyautar Nobel ta 2003. Fotasiyom da sodiyom duka suna yawo ne lulluɓe da ƙwayoyin ruwa, kuma sai sun tuɓe wannan riga kafin su bi ta maƙogwaron kafar. An jera ƙwayoyin oksijin a maƙogwaron daidai girman fotasiyom, ta yadda suna maye masa gurbin ruwan da ya tuɓe. Sodiyom ya yi ƙanƙanta da ya taɓa su duka a lokaci guda, don haka ya gwammace ya ci gaba da riƙe rigarsa ya tsaya a waje. Duk da wannan tantancewa, miliyoyin ƙwayoyin fotasiyom ne ke wucewa ta kafa ɗaya a daƙiƙa ɗaya.

Kafofin iri ɗaya ne, ko kowace da aikinta?

Iri-iri ne, kuma abin da ya raba su shi ne abin da ke buɗe kowace. Wadda ta fi ba da mamaki ita ce babbar kafa da ake kira BK, domin kalsiyom ne ke buɗe ta, wato abin da ya kamata ya sa tsoka ta tsuke shi ne ke kiran mai sassauta ta. Mark Nelson da abokan aikinsa a Jami'ar Vermont ta Amurka sun warware wannan a 1995, inda suka hango cewa rumbun kalsiyom na cikin ƙwaya yana fesar da shi ɗan kaɗan-kaɗan kamar tartsatsin wuta, daf da tantanin ƙwayar inda kafofin BK suke zaune. Tartsatsin bai isa ya motsa tsokar baki ɗaya ba, amma ya isa ya buɗe kafofin da ke kusa da shi, caji ya zurfafa. Ta haka duk lokacin da matsin jini ya ƙaru jijiya ta fara tsukewa, wannan kafa ce ke taka mata burki don kada ta wuce gona da iri.

Ta biyu, wadda ake kira KATP, tana sauraren halin da makamashin ƙwaya yake ciki ne. Idan sinadarin ATP, wanda shi ne makamashin ƙwaya, ya wadata tana rufe, idan ya ragu saboda nama ya gaji ko oksijin ya yi ƙaranci sai ta buɗe, jijiya ta saki, jini ya ƙaru a daidai wurin da ake buƙatarsa. Akwai kuma dangin Kv waɗanda tasowar caji ce kawai ke buɗe su, da Kir wadda ke ƙara aiki idan fotasiyom na waje ya ɗan ƙaru. Shimfiɗar ciki ita ma tana da nata biyu, ƙarama mai suna SK da matsakaiciya mai suna IK, waɗanda kalsiyom ke buɗewa, kuma su ne ginshiƙin labarin da zai zo a gaba.

Yaushe aka gane cewa shimfiɗar cikin jijiya tana da hannu a cikin lamarin?

Sai a 1980, kuma hanyar da aka bi ta cancanci a tsaya a kanta. Robert Furchgott yana bincike a Brooklyn ta birnin New York, ya kuma shafe shekaru yana amfani da babbar jijiyar zomo, wadda ake yankawa a murɗe ta zama doguwar tsiri, a rataye ta cikin ruwan gishiri mai ɗumi, a ɗaura mata zare da ke auna ja da sakinta. Abin da ya dame shi shi ne asetilkolin, sinadarin da ke isar da saƙonni a jiki, wanda kowa ya san yana saukar da awon jini idan aka zuba shi a jikin dabba mai rai, amma a kan wannan tsiri tsukewa yake sawa. Da ɗakin bincikensa ya koma yanka jijiyar zobe-zobe, sai aka ga asetilkolin yana sa ta saki. Bayan bibiya aka gano cewa a wajen yanka tsirin, yatsun mai aiki da gefen kayan aiki suna goge fuskar ciki ba da gangan ba, su kankare shimfiɗar. Da aka ɗauki zobe mai saki aka goge cikinsa da gangan, sakin ya ɓace.

Furchgott ya ƙara da wata dabara mai kyau. Ya ɗauki tsirin da aka kankare ya manna shi fuska da fuska da wani mai shimfiɗarsa, ya zuba asetilkolin, sai kankararren ya saki. Wannan ya nuna cewa shimfiɗar tana fitar da wani abu da ke tafiya ya isa ga tsoka. Shi da John Zawadzki suka wallafa sakamakon a 1980, ba tare da sun san ko mene ne abin ba. A 1986 Furchgott da Louis Ignarro kowannensu ya kawo shawarar cewa iskar naitirik okzayid ce, kuma a 1987 ƙungiyar Ignarro da ta Salvador Moncada a Ingila suka tabbatar da hakan. Kyautar Nobel ta 1998 ta tafi ga Furchgott da Ignarro da Ferid Murad, wanda tun 1977 ya nuna yadda wannan iska ke aiki a cikin ƙwaya. Masana da dama sun ga an zalunci Moncada da aka bar shi a waje, kuma duk wanda ya duba gudummawarsa da wuya ya ce ba su da hujja.

Yaya naitirik okzayid ke sa tsoka ta saki, kuma ina ya haɗu da kafofin fotasiyom?

Idan kalsiyom ya ƙaru a cikin ƙwayar shimfiɗa, wani sinadarin aiki mai suna eNOS yana ƙera iskar daga arjinin, wanda ɗaya ne daga cikin tubalan furotin. Iskar ba ta buƙatar ƙofa, tana ratsa tantani ta shiga ƙwayar tsokar da ke maƙwabtaka, ta tayar da wani sinadarin da ke samar da ɗan aike mai suna cGMP. Wannan ɗan aike yana rage kalsiyom, yana rage yadda zaren tsoka ke amsa kiran kalsiyom ɗin da ya rage, yana kuma sauƙaƙa buɗewar kafofin BK. Ke nan wani kaso na aikin iskar ta hannun fotasiyom yake bi. Rayuwarta daƙiƙoƙi kaɗan ce, domin jan sinadarin jini, wato himoglobin, yana kama ta nan take, abin da ke sa tasirinta ya tsaya a inda aka ƙera ta.

Shimfiɗar tana kuma fitar da furostasaikilin, wanda aka gano a 1976 a ɗakin binciken John Vane. Shi ma yana sassauta tsoka yana kuma hana ƙananan ƙwayoyin daskarar da jini manne wa bango.

Idan aka toshe waɗannan biyu, shi ke nan jijiya ba za ta saki ba?

Babbar jijiya kusan haka take yi, amma ƙarama ba ta yi. Idan aka ɗauki siririyar jijiya daga tantanin da ke riƙe hanjin ɓera, aka zuba mata maganin da ke hana ƙera naitirik okzayid da wanda ke hana ƙera furostasaikilin, sannan aka sa asetilkolin, tana sakinta kamar ba a yi komai ba, kuma na'ura tana nuna cewa cajin tsokarta ya zurfafa. A ƙarshen shekarun 1980 aka sa wa ɓoyayyen abin da ke haddasa wannan suna EDHF, wato abin da shimfiɗa ke fitarwa mai zurfafa caji, aka shiga nemansa ana zaton wani sinadari ne guda kamar na farko.

Dafi ne ya nuna hanya. Afamin, wanda ake samu daga dafin ƙudan zuma, yana toshe kafar SK, shi kuma karibdotoksin daga dafin wata kunamar hamada yana toshe IK da BK duka biyu. An ga cewa kowannensu shi kaɗai ba ya hana sakin sosai, amma idan aka haɗa su sakin ya tsaya cak. Da aka maye gurbin na kunamar da wani dafin da BK kaɗai yake toshewa, haɗin bai yi aiki ba, abin da ya nuna cewa kafofin da ake magana a kansu su ne SK da IK, kuma a jikin shimfiɗa suke zaune. Ashe ƙwayar shimfiɗa ce ke fara zurfafa nata cajin.

Daga nan saƙon yana isa ga tsoka ta fiye da hanya ɗaya. Tsakanin shimfiɗa da tsoka akwai wani siririn labule mai huji-huji, kuma ta cikin hujin ƙwayar shimfiɗa takan miƙa ɗan yatsa ta taɓa ƙwayar tsoka, su haɗe da wasu ƙananan gadoji na furotin da lantarki ke bi kai tsaye. Ta wannan gada zurfin cajin yana tsallakawa ba tare da wani sinadari ba. Hanya ta biyu ita ce wadda Edwards da Weston da abokansu suka bayyana a 1998: fotasiyom ɗin da ya fita daga shimfiɗa yana taruwa a ɗan matsattsen sararin da ke tsakani, ya tayar da kafar Kir da famfon sodiyom na tsoka, su biyun kuma su zurfafa caji. Sun tabbatar da haka ne da bariyom, mai toshe Kir, da wabayin, mai tsayar da famfon. Wabayin ba baƙo ba ne a Afirka, domin daga tsirrai dangin kwankwani ake samunsa, wanda maharba suka daɗe suna haɗa dafin kibiya da shi. A wasu jijiyoyin kuma an sami wasu sinadaran kitse da haidirojin feroksayid suna isar da saƙon ta hanyar buɗe BK. Saboda wannan yawan hanyoyi ne masana da dama suka daina maganar sinadari guda, suka koma kiran lamarin zurfafar caji mai dogaro da shimfiɗa. Abin riƙewa shi ne, yadda jijiya ke ƙara sirancewa haka rabon wannan hanya ke ƙaruwa a kan na naitirik okzayid.

An ce fotasiyom na sa saki, amma a ɗakin gwaji da shi ake tsuke jijiya. Yaya za a daidaita wannan?

Yawa ne ya raba su. Idan fotasiyom na waje ya tashi daga 4 zuwa wajen 10 ko 15, kafar Kir da famfon suna ƙara aiki, jijiya ta saki. Idan kuwa aka kai shi 60 ko 80, bambancin ciki da waje ya ragu ƙwarai, fotasiyom ya rasa abin da ke tura shi waje, caji ya taso, ƙofofin kalsiyom su buɗe, jijiya ta tsuke tam. Masu bincike suna cin moriyar wannan: duk maganin da ya sassauta jijiya a ruwan da aka saba amma ya kasa a ruwa mai fotasiyom 80, alama ce mai ƙarfi cewa ta kafofin fotasiyom yake aiki, tunda buɗe su a irin wannan ruwa ba ya canja komai.

A jikin mai rai, me ke sanar da shimfiɗar cewa lokacin saki ya yi?

Babban mai sanarwa shi ne gogar jinin kansa. Idan gudun jini ya ƙaru, jan da yake yi wa fuskar shimfiɗa yana ƙaruwa, ƙwayoyin su ji, su ƙara fitar da naitirik okzayid. Ana iya ganin wannan a hannun mutum: a ɗaura abin awon jini a hura shi har ya tsayar da jini na minti biyar, a sake shi, jini ya kwararo da ƙarfi, sannan a duba jijiyar damtse da na'urar hoto mai amfani da sauti. A mai lafiya jijiyar tana ƙara faɗi cikin kimanin minti ɗaya, a mai shan taba ko mai ciwon sukari kuwa ƙarin yakan yi rauni. Wannan goga ce kuma ke sa motsa jiki a kai a kai ya inganta aikin shimfiɗa.

Akwai kuma saƙon da ke zuwa daga naman da ke aiki. Tsokar ƙafa mai gudu da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu aiki duka suna zubar da fotasiyom a kewayensu. Binciken da aka yi a kan ɓeraye aka wallafa a 2017 ya nuna cewa mafi ƙanƙantar hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, waɗanda ba su da tsoka ko kaɗan, suna jin wannan fotasiyom ta kafar Kir, su aika da zurfin caji baya daga ƙwaya zuwa ƙwaya har ya isa jijiyar da ke ciyar da su, ita kuma ta buɗe.

Waɗanne cututtuka ne ke lalata wannan tsari?

Hawan jini da ciwon sukari da yawan kitse a jini da hayaƙin taba da tsufa duka suna rage naitirik okzayid, galibi ta hanyar ƙara wasu gurɓatattun ƙwayoyin oksijin da ke cinye iskar kafin ta isa ga tsoka. A 1986 likitoci a Boston suka zuba asetilkolin cikin jijiyoyin zuciyar mutane, suka ga lafiyayyu suna buɗewa, masu daskararren kitse kuwa suna tsukewa, wato abin da Furchgott ya gani a kankararren tsirin zomo ya bayyana a zuciyar ɗan Adam.

Cutar sikila ta fi kusa da mu, tunda Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. Jajayen ƙwayoyin mai sikila suna fashewa da wuri, himoglobin ya zube cikin ruwan jini tsirara, ya riƙa kame naitirik okzayid da saurin da ya ninka na wanda ke killace a cikin ƙwaya, tare da shi kuma wani sinadari ya fito yana cinye arjinin. Ana danganta wannan da hawan jinin huhu, da gyambon ƙafa mai wuyar warkewa, da miƙewar gaba mai zafi da ke ƙin kwanciya. Wani abin lura shi ne kafar IK ta shimfiɗa ita ce dai kafar da ɗan ƙasar Hangari György Gárdos ya bayyana aikinta a jajayen ƙwayoyin jini a 1958, kuma buɗewarta a ƙwayar sikila yana fitar da fotasiyom da ruwa, ƙwayar ta bushe ta ƙara lanƙwashewa. An gwada maganin da ke toshe ta, ya rage fashewar ƙwayoyi amma bai rage yawan tashin ciwon ba. A zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ma ƙwayoyin da cutar ta shiga suna manne wa shimfiɗa, naitirik okzayid ya yi ƙaranci. Haka nan hawan jinin masu juna biyu, wanda kan kai ga jijjiga, ya samo asali ne daga sinadaran da mabiyiya ke zubawa cikin jini suna raunana shimfiɗar jijiyoyin uwa a ko'ina.

Buɗewar kafofin na iya yin yawa har ta cutar?

Ƙwarai kuwa. Idan ƙwayoyin cuta suka mamaye jini, jiki yana ƙera naitirik okzayid fiye da kima, kafofin KATP su buɗe saboda tsamin jini da ƙarancin makamashi, jijiyoyi su saki gaba ɗaya, awon jini ya faɗi har magungunan tsuke jijiya su riƙa kasa ɗaga shi. Huhu kuma nasa tsarin a juye yake: ƙarancin oksijin yana rufe wasu kafofin fotasiyom a jijiyoyinsa su tsuke, domin a karkatar da jini daga sashen da iska ba ta shiga.

Akwai magungunan da ke aiki ta waɗannan hanyoyi?

Akwai. Minoksidil yana buɗe KATP, kuma an amince da shi a Amurka a 1979 domin hawan jini mai taurin kai. Ƙarfinsa ya sa zuciya kan ƙara sauri jiki kuma ya tara ruwa, shi ya sa ake haɗa shi da wasu magunguna. Masu shansa suka riƙa fitar da gashi a fuska da jiki, daga nan aka mayar da shi na shafawa domin sanƙo a 1988. Nikorandil, na ciwon ƙirji, yana buɗe KATP yana kuma ba da naitirik okzayid. Gilibenkilamayid na masu sukari akasin haka yake yi, yana rufe irin wannan kafa a fankiriyas, gaɓar da ke fitar da insulin, domin ta ƙara fitarwa.

Naitirogilisarin da ake sawa ƙarƙashin harshe yana rikiɗa ya zama naitirik okzayid a jiki, kuma tun 1879 ake ba masu ciwon ƙirji shi. Alfred Nobel, wanda ya yi arziki da shi a matsayin nakiya, an rubuta masa shi a ƙarshen rayuwarsa. Sildenafil, wanda aka fi sani da Viagra, yana hana rushe cGMP ne, saboda haka haɗa shi da irin naitirogilisarin na iya rugurguza awon jini har ya kai ga rasa rai. Wannan gargaɗi ya shafi kayan ƙarin kuzarin maza da ake sayarwa a matsayin na gargajiya, domin hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha samun sildenafil a ɓoye a cikin irinsu.

Cin abinci mai fotasiyom yana buɗe kafofin? Kanwa fa?

Lamarin bai kai wannan sauƙi ba, domin ƙoda tana riƙe fotasiyom na jini a cikin iyaka mai tsauri, kuma babban amfanin cinsa shi ne yana sa ƙoda ta zubar da sodiyom, ko da yake akwai shaidar cewa yana taimaka wa shimfiɗa ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar samun aƙalla miligiram 3,510 a rana, da rage gishiri ƙasa da giram 5, kuma a lissafin gishirin har da na dunƙulen miya. Wake da dankali da tumatir da ayaba da dabino da ganyaye irin alayyafo da zogale duka suna da shi. Wani babban gwaji a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, mai mutane kusan 21,000, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna cewa maye gurbin kashi ɗaya cikin huɗu na gishiri da gishirin fotasiyom ya rage shanyewar ɓarin jiki da kimanin kashi 14 cikin ɗari. Amma mai ciwon ƙoda, ko mai shan lisinofiril ko sifironolakton, kada ya ƙara fotasiyom da kansa, domin taruwarsa a jini na iya tsayar da zuciya.

Game da kanwa akwai ruɗani da ya kamata a gyara. A Turancin kasuwa ana kiranta fotash, sunan da kalmar fotasiyom ta fito daga gare shi, sai mutane suka ɗauka tushen fotasiyom ce. Kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga galibinta gishirin sodiyom ce, fotasiyom ɗinta kaɗan ne, kuma ruwan tokar tsirrai ne ya fi dacewa da wancan suna. Likitocin da suka yi aiki a Zariya a shekarun 1970 sun danganta yawan gazawar zuciya bayan haihuwa da kunun kanwa da zafin wankan jego, ko da yake binciken baya ya nuna akwai wasu dalilan tare da su. Mai hawan jini da ke zuba kanwa a wake ko a miyar kuka, sodiyom yake ƙara wa jikinsa a kan wanda ya riga ya ci a gishiri da dunƙule.